Jinin da ya daskare, ta yaya kuma zai zuba?

Tanti, barka da aiki. Ɗana na fari, mai shekara 6, yau kwanansa 12 a gadon asibiti. Ya dawo daga makarantar allo da zazzaɓi, muka ɗauka na sauro ne. Da dare ya yi amai, yana ta kukan ƙafafunsa, tafin hannunsa sanyi ƙalau alhali jikinsa kamar garwashi. Na so a tafi asibiti a daren, Hajiya mahaifiyar maigida ta ce a bari gari ya waye, ni kuma na ja bakina na yi shiru don ɗan fari ne. Da asuba sai ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a cinyoyinsa da cikinsa. Likita ya ce ƙwayar sanƙarau ce ta shiga jininsa. Alhamdu lillahi ya farfaɗo, yana ci yana magana, amma yatsu uku na ƙafarsa ta hagu sun yi baƙi sun bushe, har ana zancen yankewa. Abin da ya ɗaure mini kai, likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyoyinsa, ni kuwa da idona na ga jini yana tsattsafowa daga dasashinsa da inda aka yi masa allura, ya ƙi tsayawa, sai da aka yi masa ƙari. Wuyansa ma bai sanƙare ba. Hajiya ta ce lokotoro ya yi baki biyu, wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa, tunda abokiyar zamana ta ba shi fura a ranar. Tana so a fito da shi a kai shi wurin wani mai magani a ƙauye. Maigida ya rasa ta cewa. Ni barci ma ya ƙaurace mini. Wa zan yarda da shi?

Wata uwa, daga Garin Malam, Damagaram

Ƴata, sannu da jinya. Allah Ya tashi kafaɗun yaron nan, ke kuma Ya ba ki ladan dawainiya.

Kafin mu shiga wani dogon bayani: kada a fito da shi daga asibiti. Ko wa ya faɗa, ko da wace irin murya aka faɗa, ki tsaya a kan wannan.

Likita bai yi baki biyu ba. Abin da ya gaya miki gaskiya ne, abin da idonki ya gani ma gaskiya ne, kuma na farkon ne ya haifi na biyun. Ki tambayi Hajiya yadda wanda kububuwa ta sara yake yi, na tabbata ta taɓa gani ko ta ji. Dasashi ya yi ta jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja. Mutane kan ce dafin ya tsinka jini. To, aikin farko da dafin kububuwa ke yi shi ne kunna daskarewar jini a ko'ina cikin jiki a lokaci guda, har kayan daskarewar su ƙare ƙaf, sannan jini ya rasa abin da zai riƙe shi. Sa'ad da nake aiki a asibiti, in an kawo mana mai sara mukan ɗebi jininsa mu zuba a busasshiyar ƴar kwalba ta gilashi, mu ajiye ta minti 20 ba mai taɓawa, sannan mu karkata ta. Jinin mai lafiya yakan dunƙule ya manne kamar kindirmo. Na wanda dafi ya ci sai ya kwararo kamar ruwan zoɓo. Abin da dafin maciji ke yi kai tsaye, ƙwayar sanƙarau ta yi wa ɗanki shi ta hanyar tunzura garkuwar jikinsa.

In kika yanke da wuƙa wajen yankan kuɓewa, abu biyu ne ke tsayar da jinin. Akwai wasu ƙananan ɓarɓashi da ke yawo a jini, waɗanda takardar gwaji ke kira plaket. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Su ne ke fara rugawa su manne a bakin rauni. Sai kuma wasu sinadarai fiye da goma, yawancinsu hanta ke haɗa su, suna kwance a jini ba sa komai sai an ƙyasta musu ashana. Ashanar kuwa wani sinadari ne da ke ɓoye a bayan bangon jijiya, ba ya haɗuwa da jini sai bango ya tsage. Da zarar sun haɗu, wannan ya tayar da wancan, wancan ya tayar da na gaba, har a kai ga wanda ake kira turombin, shi kuma ya saƙa wani zare mai suna fibirin a kan ƴan plaket ɗin, rauni ya toshe.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan tsari har yaƙi yake yi. Ki tuna ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birnin Damagaram da ita. In mahara suka shigo ta wata ƙofa, dabara ita ce a datse lungun da suka shiga, a tsare su a nan, dakaru su same su wuri guda. Haka jiki ke yi. Fararen ƙwayoyin jini, da zarar sun ji ƙanshin bakteriya, wasunsu sukan fito da waccan ashanar a jikinsu su kunna daskarewa da gangan a ƴar jijiyar da cutar take, don kada ta bazu. Wasunsu kuma sukan fashe su watsa zaren da ke cikinsu kamar mai jefa koma, bakteriya su maƙale a ciki, plaket su taru a kai. A 2004 masu bincike a birnin Balin na Jamus suka fara bayyana wannan komar. Tun a 1956 ma wani likitan Amurka, Frederik Bang, ya lura da wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, mai shuɗin jini, wadda in bakteriya suka shige ta sai jininta ya dunƙule a kansu. Har yau ana amfani da sinadarin jininta wajen gwada ko ruwan allura ya gurɓace. Akwai ma ƙwayoyin cuta, irin ta annobar da ƙuman ɓera ke yaɗawa, da suke tafe da abin narkar da zaren don su tsere, shaida ke nan cewa tarkon yana kamu.

Matsalar tana zuwa ne in maharan ba a lungu ɗaya suke ba. Ƙwayar sanƙarau, in ta samu shiga jini, tana hayayyafa da sauri, tana kuma zubar da wani dafi daga ɓawonta mai yawan gaske. Sai kowace farar ƙwaya a kowane sashe na jiki ta ƙyasta ashanarta. Jiki yana da birkin da ke hana daskarewa wuce gona da iri, babbansa shi ne wanda ake kira furotin C, amma a jikin bangon jijiya ake kunna shi, bangon kuwa cutar ta riga ta ɗaye shi. Abin da ke narkar da gudan jini bayan ya gama aikinsa shi ma a wannan hali jiki kan danne shi. Sai ya zama an datse kowane lungu na gari a dare ɗaya. Ɗan garuwa ya turo kurarsa bai da ta inda zai bi ya kai ruwa gida. Ƙasar gini da aka tara duk ta tafi a toshe lunguna, in katangar gidanku ta tsage babu ko damtsen laka da za a yaɓa. Wancan rashin hanya shi ne ya kashe yatsunsa. Wannan rashin laka shi ne jinin da kika ga yana tsattsafowa daga wurin allura. Shi ya sa aka yi masa ƙarin jini, don a mayar masa da abin da ya ƙare. In takardun gwajinsa suna hannunki, ki roƙi majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya nuna miki lissafin plaket na ranar farko da na yau, ki ga tazarar da idonki.

Me ya sa yatsun ƙafa? Ke ƴar Damagaram ce, kin san halin famfo a bazara in ruwa ya yi rauni: gidan da ke ƙarshen layi shi ke fara rasawa. A wannan ciwo jijiyoyi kan yi yoyo, ƙarfin bugun jini ya faɗi, jiki ya matse hanyoyin hannu da ƙafa don ya tura ɗan abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Jijiyoyin yatsu sirara ne, ga nisa, ga gudajin jini sun cushe su. Jikinsa ya saki yatsu uku ya riƙe ransa.

Baƙaƙen ɗigon nan ma daga nan suke: ƴan jijiyoyin fata ne suka toshe suka fashe, jini ya kwanta a ƙarƙashi. Zan so duk uwar da ke karanta wannan ta riƙe wata dabara. Ki ɗauki ƙaramin kofin shayi na gilashi, ki danna gefensa a kan ƙurajin, ki duba ta cikinsa. Ƙurajin zafi ko na ƙyanda sukan dushe in an danna. Waɗannan ba sa dushewa, suna nan kamar an ɗiga tawada. A baƙar fata irin tamu ganinsu na da wuya, balle da dare, don haka a haska fitilar waya a tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido ta ƙasa da ganɗar baki. Zazzaɓi da irin wannan ɗigo, a tari kabu-kabu a nufi asibiti ko ƙarfe nawa ne.

Batun wuya kuwa, sunan ciwon ne ke ruɗa mu. Ƙwayar guda ce, amma hanya biyu take bi. In ta hau ta kama rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wuya ya sanƙare, shi ne wanda kowa ya sani. In ta tsaya a jini, wuya yana iya zama lafiya lau, kuma wannan ya fi wancan saurin kisa.

Yanzu ga maganar fura. Wannan ƙwaya a maƙogwaro take zama. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita yana harkokinsa bai sani ba, tana ratsawa ta tari da atishawa da kwana ɗaki ɗaya. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar ciwo ana ɗaukar kwana 2 zuwa 10. Wato ranar da abokiyar zamanki ta miƙa masa ludayi, cutar ta riga ta kwana a jikinsa. Kuma mu a nan muna tsakiyar yankin da sanƙarau ke ziyarta duk rani, in ƙurar hunturu ta busar da hanci da maƙogwaro, har zuwa faɗuwar damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar nan tamu ta Damagaram daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, 18 daga cikinsu suka rasu. Duk waɗannan ba kishiya ce ta dama musu fura ba. Ƴaƴan baiwar Allahn nan ma iska ɗaya suke shaƙa da naki. Akwai maganin da ake ba mutanen gidan mai wannan ciwo don kashe ƙwayar a maƙogwaronsu, amfaninsa ya fi yawa a kwanakin farko, bayan mako biyu kuma kusan babu. In ba a ba ku ba, maigida ya tambaya yau ɗin nan. Ya tambayi allurar rigakafi ma. Wadda aka fara yi a Nijar a 2010 nau'in A kawai take karewa, ta kuwa yi aiki, don ta kusan shafe shi. Wanda ya addabe mu a 2022 da 2023 yawancinsa nau'in C ne. Yanzu akwai sabuwa mai kare nau'i biyar.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma na ji shi a cikin rashin barcinki: daren nan da aka jira. Ba zan ruɗe ki ba, a wannan ciwo kowace awa tana da nauyi. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan yara 448, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa ciwon ƙafafu, sanyin hannu da ƙafa da sauyawar launin fata su ne ke fara bayyana, wajen awa 8 da soma ciwo, ɗigon jini da sanƙarewar wuya kuma sai daga baya. Abin da kika gani a daren ke nan, zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Amma a wancan binciken kusan rabin yaran, da aka kai su wurin likita karon farko, ba a tura su asibiti ba, don farkon ciwon kamar kowane zazzaɓi yake. Abin da ya shige wa likitoci duhu, ba a ɗora wa uwa da kaka laifinsa. Kuma ke ce kika duba jikinsa da asuba kika ga ɗigon. Abu ɗaya kawai nake so ki ajiye daga yau: kunyar ɗan fari. Ki ƙi kiran sunansa, ki ƙi yi masa wasa a gaban surukai, duk tarbiyya ce mai kyau, ni ma a cikinta na tashi. Amma ba ta shafi ranar ciwo ba. Na sha ganin uwa ta rakuɓe a bakin ƙofar ɗakin yara, mayafi ya rufe rabin fuska, kaka ce ke amsa tambayoyinmu, alhali uwar ce ta san sau nawa ya yi amai da lokacin da ya yi fitsarin ƙarshe. Mun sha ɓata lokaci mai tsada a kan haka.

Hajiya kuwa, ki tausaya mata. Ita ce ta ce a bari gari ya waye, kuma ta sani. Tsohuwar da ke kallon yatsun jikanta suna baƙi tana ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinta, in ta samu kan da za ta sauke shi za ta sauke. Ina ganin daga nan zancen fura ya samo ƙarfi. Don haka kada ki yi musu da ita, kada kuma ko da wasa ki tuna mata daren. Ki samu maigida ku biyu, ki gaya masa a natse cewa ba ki yarda a motsa yaro ba, ba ki kuma zargin kowa. Shi ɗanta ne, bakinsa zai shiga inda naki ba zai shiga ba. Ya kai ta gaban likita ko majo, a yi mata bayani da Hausa, ya kawo mata misalin kububuwa. Ya gaya mata likita ya ce farkon ciwon yana ruɗin kowa, don ita ma tana bukatar jin haka. In addu'a take so, ƙofa a buɗe take, malam ya zo bakin gado ya yi tofi, a yi sadaka, a sauke Alƙur'ani a gida. Abin sha ko na shafawa ne kawai ba za a ba shi ba sai ma'aikata sun sani. In akwai malamin da take jin maganarsa, ya tuna mata abin da Suratul Hujurati ta ce game da zato. Jifan mace da maita ko sammu a garin nan ba ƙaramin abu ba ne, yana bin ta har aurarrakin ƴaƴanta.

Mai maganin ƙauye zai ce yana da abin da zai tsinka jinin ya dawo da yatsu. Wani babban kamfanin magunguna a Amurka ya taɓa haɗa furotin C ɗin nan, aka amince da shi a 2001 da sunan Xigris, ana ɗokin an samu maganin wannan rikici. A 2011 suka janye shi daga kasuwa, don babban gwaji ya nuna bai rage mutuwa ba. Abin da ke ceton rai har yau shi ne a kashe ƙwayar da wuri da allura irin seftiriyazon, a yi ƙarin ruwa, a mayar da jinin da ya ƙare, jiki ya kwance datsiyarsa da kansa. Shi aka yi wa ɗanki, shi ya sa yake zaune yana cin abinci.

Naman da ya mutu ba ya dawowa, wannan sai haƙuri. Amma sau da yawa baƙin da ake gani a fata ya fi ɓarnar da ke ciki faɗi. Shi ya sa, in wurin a bushe yake, likitocin fiɗa sukan jira makonni har iyaka ta fito sarai tsakanin mataccen nama da mai rai, don kada su yanke abin da zai warke. Wani sa'in kan yatsan ma da kansa yake faɗuwa. In kuwa ya fara wari, ko ruwa, ko kumburi da ja suna hawa sama, ko zazzaɓi ya dawo, to jira ya ƙare, a nan yankewa ce ke tsare ƙafar da ran gaba ɗaya. Likitan da ke buɗe ƙafar kullum shi ke da magana ta ƙarshe. Ki tambaye shi kai tsaye: a bushe yake ko ya fara ruɓa, me muke jira, iya ina za a cire. Haƙƙinki ne. Hatsarin ƙauye kuwa a nan yake: gashi da ruwan zafi, sakiya, tsagar wanzami, ƙulla ganye. Fatar da jini bai isa ba tana ƙonewa yaro bai ji ba, kuma kowace tsaga ƙofa ce ga sabuwar cuta. Busasshen yatsa da za a rasa kansa kawai sai ya zama ruɓaɓɓiyar ƙafa. Kada kuma a saya masa aspirin, ibuprofen ko diklofenak wurin masu tallan magani a faranti, suna raunana plaket ɗin da yake ta faman tarawa, suna kuma taɓa ƙoda.

Yaro yana tafiya, yana gudu, yana buga ƙwallo ba tare da ƙananan yatsu uku ba. Na ga irinsu sun dawo gaishe mu da ƙafarsu. Abin da na fi so ki sa wa ido bayan sallama shi ne kunnensa, don ƙwayar nan tana taɓa ji, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau suna fita da wani tabo mai daɗewa. Ki nemi a gwada jinsa kafin ku bar asibiti ko jim kaɗan bayan haka. A shekaru masu zuwa ki riƙa lura ko ƙafa ɗaya tana gaza ɗaya tsawo, don toshewar jijiya kan taɓa inda ƙashi ke tsiro, kuma in an gani da wuri akwai abin yi.

Abokiyar zamanki tana gida kwana 12 tana jin abin da ake faɗa a kanta. Ki kira ta a waya yau, ki gaya mata jikin yaro da sauƙi, ki tambayi nata ƴaƴan ko akwai mai zazzaɓi. In ta dama fura ta aiko asibiti, ki karɓa da hannu biyu. Ki tambayi majo ko yaron zai iya sha. Ke dai ki zauna kusa da Hajiya, ki ɗaga ƙwaryar ki sha.

Tanti